Seppiyus Mai Shela da Kira na Uku

A Tarrakina, garinmu na bakin teku, mutum ba ya mutuwa sai Seppiyus ya faɗa. Yana iya daina numfashi tun asuba, matan gidansa su yi ta birgima, amma mai gurasa zai ci gaba da ware masa tasa har sai an ji muryar nan ta taso daga dandali. Labari kam kowa na iya kawo shi. Matuƙin jirgi, bawa, tsohuwa mai albasa, duk wanda ya riga ka ji ya zama nuntiyus, ɗan saƙo, kuma kana iya ƙaryata shi ka ci gaba da sha'aninka. Firaiko, wato Seppiyus, dabam ne. Shi ne mai shelar gari, shi kaɗai, abin da ya fito daga bakinsa kuwa ya tabbata. In ya ce an sayar da gonarka, to an sayar. In ya ce an hana wane wuta da ruwa, ko uwar da ta haife shi ba za ta miƙa masa garwashi ba.

Shagon da nake tufkar igiya yana kallon gidan da aka haifi Seppiyus, don haka na san shi tun kafin muryarsa ta buɗe. Su biyu ne wurin ubansu. Babban, Numeriyus, shi ya gaji gidan da jirgin da ke kai man zaitun tsallaken teku. Seppiyus bai gaji komai ba sai faɗin ƙirji. Yayan nasa bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Maƙogwaro.

Aikin shela ba aikin da uba ke roƙa wa ɗansa ba ne. Mutumin da bakinsa ya saba da sunayen matattu, wa zai so jin nasa a ciki? In Seppiyus ya gaishe ka da suna a hanya, sai ka tofa yawu a ƙirjinka don kore mugun abu. Ya lura, ya daina. Ni "mai igiya" yake ce mini, wancan "mai kifi". Ya kama ɗaki a saman shagon masu gishirta kifi, bai yi aure ba, ba a kuma gayyatarsa biki sai in ana son a yi wa jama'a tsawa. In aka zarge shi da kawo baƙin labari, amsarsa ɗaya ce: "Ni ba ni da magana. Abin da aka zuba mini nake zubarwa."

Na daɗe ina gaskata wannan.

Numeriyus ya auro Herenniya daga ƙauyukan kan dutse, doguwar mace mara yawan magana. Hannun Numeriyus yana da nauyi, kuma titinmu ba shi da faɗi. Mukan ji. Washegari sai ta fito ɗibar ruwa da mayafi ja har kan hanci. Ranakun idi Seppiyus yakan zo cin abinci gidan yayansa, ya zauna a ƙarshen tebur, idonsa cikin kwanon wake. Ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya kalle ta ba. Mutumin da ba ruwansa da mace ba ya shan wahalar kawar da ido haka.

Wata kaka, bayan guguwa, wani matuƙi ya iso da ƙafa ɗaya a kumbure. A bakin shagona ya tarar da Seppiyus.

"Jirgin ya kife," in ji shi. "Na hango yayanka rungume da gungume, sai ruwa ya raba mu."

"Bayan kai, akwai wanda ya fito?"

"Ban gani ba."

Iyakar tambayar ke nan. Bai ce ina ruwan ya nufa da gungumen ba, bai ce ko akwai tsibiri kusa ba. Ya gyara rigarsa ya nufi gidan alƙalin gari. Abin da ya faɗa a can ban ji ba, amma ya fito da izinin shelar mutuwar yayansa. A al'ada, wanda teku ta ɗauke akan jira shi har jiragen bazara su dawo, ko wani ya gan shi a wata tasha. Numeriyus ba a jira shi ko zuwa kasuwa ta gaba ba.

Aka gina masa kabari babu kowa a ciki. Aka taru a bakin teku domin kiran ƙarshe, wanda ɗan'uwa mafi kusa ke yi: a kira mamaci da sunansa sau uku, in bai amsa na ukun ba, shi ke nan, ya fita daga cikinmu. Na ji Seppiyus ya yi shelar mutane masu yawa, amma ban taɓa jin muryarsa kamar ranar ba. Ta cika tashar, ta bugi dutsen haikali ta dawo. Mata suka ce ƙauna ce. Ni dai na lura tsakanin kira na biyu da na uku bai tsaya ya saurara ba.

Da Herenniya ta gama watannin makoki, ya aure ta. Ba wanda ya ga laifi. Gida na buƙatar namiji, shi kuwa jinin gidan ne. Mayafin ya koma bayan kai. Ta yi ƙiba, har wata rana na ji ta tana waƙa tana shanya. Seppiyus ya manta kansa ya gaishe ni da sunana, ni ma na manta ban tofa yawu ba.

Numeriyus bai dawo ta teku ba. Ta babbar hanya ya shigo, bayan 'yan shekaru, da rana tsaka, a rame, da tabon marin ƙarfe a ƙafafunsa. Masunta ne suka tsince shi a wata gaɓa suka sayar da shi ga masu haƙar dutse. Ya miƙe kai tsaye zuwa ƙofar gidansa. Tsohuwa Fakkiya, maƙwabciyarsu, ita ta fara gane shi. Ba ta yi ihu ba. Ta gitta tsintsiyarta a bakin ƙofar.

"Ba ta nan ba, ɗan nan."

"Iya, gidana ne."

"Na sani. Ni na yanke maka cibiya a cikinsa. Ni kuma na ci gurasar makokinka. Ƙofa ta masu rai ce."

Ya san al'adar kamar yadda duk muka sani. Wanda aka yi wa kira uku ba ya ƙetare dokin ƙofa. In ya taka, ya shigo wa gidan da abin da ya baro a can. Sai dai ya hau rufi a zuro shi da igiya ta kafar nan ta tsakiyar zaure, inda ruwan sama ke zuba cikin kwarmin dutse, ya faɗo gidan kamar sabon abu daga sama. Kafin a yi haka ba mai ba shi hannu. A rumfar tasha ya zauna, ana ajiye masa abinci a ƙasa a ja da baya.

Masu dako suka samu abin yi. "Numeriyus, ya mutanen can? Ka ga babana? Har yanzu yana shan giya?"

"Yana gaishe ka," in ji shi. "Ya ce ba kai ne ɗansa ba."

Seppiyus bai je tashar ba sai da alƙali ya tara su. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba: da zarar ƙafar Numeriyus ta taɓa ƙasan zaurensa, gida nasa ne, mace tasa ce, auren baya ya warware. Ba a tambayi Herenniya ba. Alƙali ya ce a nemo ƙarti biyu su riƙe igiya.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Numeriyus. "Ina da ƙane. Wanda ya binne ni da baki shi zai sauke ni da hannu. Shi kaɗai." Ya juya yana murmushi. "Ko ba za ka iya ba, Maƙogwaro? Na rame, ai ka gani. Ba ni da nauyin da."

"Zan iya, Yaya."

"Da ganin ka ka ci ka ƙoshi. Wa ke maka girki?"

Mutane suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Kowa ya gane abin da Numeriyus ke yi. Yana son gari ya ga ƙanen ya mayar da kaya da hannunsa. Abin da ban sani ba shi ne ko ya auna tsawon da ke tsakanin rufin nan da dutse. Zauren ubansu dogo ne. Wanda ya faɗo daga can ba ya buƙatar a sake gina masa kabari, nasa yana nan yana jira.

Ana gobe za a yi, Herenniya ta tsallako shagona, mayafi ya dawo kan hanci. Ta ce sabuwar igiya take so, wadda ba ta taɓa aiki ba. Na ba ta ta rama mai tufka uku, wadda za ta ɗaga jaki da kayansa. Ta rungume ta ta shiga gida. Seppiyus a ranar ya riga ya koma tsohon ɗakinsa na saman masu kifi.

Da hantsi titi ya cika. Na ga lokacin da Herenniya ta fito da igiyar a naɗe ta miƙa wa Seppiyus a gindin tsani. Ba su kalli juna ba. 'Yan'uwan biyu suka hau, babban a gaba. Ni da Fakkiya da wasu dattawa muka shiga zaure a matsayin shaidu. Bazara ce, kwarmin ya bushe ƙayau. Herenniya ta tsaya jikin ginshiƙi, hannuwanta a cikin riga.

Inuwa ta rufe kafar. Ƙafafun Numeriyus suka fara leƙowa, sannan sauran jikinsa, igiya ɗaure a ƙarƙashin hammatarsa. Yana saukowa a hankali yana juyawa, yana kallon bangon gidansa ɗaya bayan ɗaya.

"An sake fenti," in ji shi. "Wa ya ce a sake?"

Ya yi kamar rabin hanya sai igiyar ta tsaya.

Da farko mun ɗauka hutawa Seppiyus yake yi. Ƙurar rufi ta zubo cikin hasken. Numeriyus ya ɗaga kai.

"Maƙogwaro. Me ya faru?"

Igiyar ba ta motsa ba, ya ƙara ɗaga murya.

"Ka gaji ne, ko tunani kake yi?"

Daga sama ba a jin komai sai numfashi. Fakkiya ta fara motsa leɓe. Wani dattijo ya ce a hau a taimaka, wani ya ce ba a yi, hannu ɗaya aka ambata gaban alƙali. Na waiwaya na dubi Herenniya. Duk wanda ke zauren mutumin da ke lilo yake kallo. Ita sama da shi take kallo, daidai inda igiyar ta ɓace a bakin kafar, kuma fuskarta ba ta mai tsoro ba ce. Fuskar mai jiran tukunya ta tafasa ce.

"Sake ni mana," in ji Numeriyus, muryarsa ta sauka. "Ai ka iya kalmomin shelar mutuwata. Ba sai ka koyi sababbi ba."

Sai muka ji fale-falen rufi suna ƙara, kamar ana jan buhu a kansu. Igiyar ta sauko kaɗan, ta tsaya, ta sake saukowa da fizga. Kan Seppiyus ya bayyana a kafar, sannan kafaɗunsa. A kan cikinsa yake jan jiki. Ya nannaɗe igiyar a damtsensa na dama, ba ya sakinta ko kaɗan, da jikinsa yake sauke yayansa. Ya zuro hannun har iyakarsa, rabin ƙirjinsa a cikin kafar, ƙafafunsa maƙale da wani abu da ba ma gani. Jini ya bi igiyar ya ɗiga a kan Numeriyus.

"Iyakata ke nan, Yaya," ya ce da ƙyar. "Kwance ka dira."

"Igiya ta ƙare ne? Na ga tulinta."

"Kwance ka dira."

Saura fiye da tsayin mutum. Numeriyus ya zage shi, ya zagi ranar da aka haife shi, sannan ya kwance ƙullin ya faɗo. Mun ji ƙarar idon sawunsa. Ya kwanta cikin kwarmin yana nishi, a gidansa, da rai. Fakkiya ta yayyafa masa ruwa ta kira shi da sunansa, ya amsa da ashar.

Kafin yamma gari ya gama yanke hukunci: mai shela ya so sakin yayansa, zuciyarsa ta gaza, sai ya huce da karya masa ƙafa. Numeriyus ya rantse da Naftun, ubangijin teku, cewa in ƙanensa ya sake taka ƙofar gidan, zai fita da shi a kan makara. Duk da haka washegari Seppiyus ya hau dutsen dandali da hannu a naɗe, domin alƙali ya ce a sanar. Akwai tsayayyun kalmomi na mutuwa, na gwanjo, na sammaci, na kora. Na dawowa babu. Sai kawai ya ce, "Numeriyus ɗan Numeriyus yana nan." Ya sauka.

Daga dandalin shagona ya zo, da igiyar a ƙarƙashin riga. Ya ajiye ta a kan benci.

"Mai igiya, ƙone wannan."

Igiyata ce, sai da na bi ta da hannu. Kusa da inda jininsa ya bushe na tarar da wurin. An buɗe tufkar, an yanke biyu daga ciki da wuƙa mai kaifi, an bar ɗaya, an mayar an murza an shafe da kitse. Ido ba zai gani ba. Sai tafin hannun da take bi ta cikinsa. Da wurin nan ya wuce hannun Seppiyus ya ɗauki nauyi, da ta tsinke, kuma da kowa ya ce igiya ce ta ci amana.

Na ɗago na dube shi. Igiyar lafiyarta ƙalau ta bar shagona, a wurin Herenniya ta kwana, a gindin tsani ya karɓe ta a gabana.

"Ba ka gaya wa alƙali ba," na ce.

"Ba a ba ni in faɗa ba."

"Seppiyus, wannan ba shela ba ce."

"In na faɗa, ka san abin da ake yi wa matar da ta nemi ran mijinta." Ya dubi ƙofar da ke tsallaken titi. "Ba ta roƙe ni komai ba. Miƙo mini kawai ta yi. Ta ɗauka zan bar shi ya wuce, tunda na taɓa yi."

Shi ne karo ɗaya da na ji ya faɗi wani abu da ba a zuba masa ba. Na jefa igiyar a murhu.

Na sha juya abin a raina ina tufka. Me ya sa ya riƙe? Ba don son yayansa ba, wannan na tabbata. Wataƙila kashewa da baki yana da sauƙi ne saboda ba ka jin nauyin mutum. Wataƙila kuma bai so ya zauna sauran ransa da matar da ta san shi har can ƙasa ba, ta san abin da zai iya bari ya wuce ta hannunsa. Ita kuwa tun ranar ba ta sake duban inda yake ba. Ya hana ta abu ɗaya da ta taɓa nema a wurinsa.

Numeriyus ya warke da ɗingishi. Bai koma teku ba, kullum yana gida. Muka koma jin abin da muke ji a da.

Daga nan Seppiyus ya ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya, kafin ya wuce dandali, sai ya tsaya a tsakiyar titi, nesa da dokin ƙofar, ya kira da cikakkiyar muryar aikinsa: "Numeriyus." Daga ciki sai a ji, "Ina nan, ɗan banza. Ban mutu ba tukuna." Sai ya wuce. Wasu suka ce tsokana ce, wasu suka ce tuba. Masu dako suka sa masa suna zakaran Numeriyus. Ni na san ba da yayan yake ba. Da mai girkin gidan yake, yana gaya mata cewa akwai kunnen da ke jiran amsa kowace safiya. Ko kare shi yake daga gare ta, ko kare ta daga abin da zai biyo baya, ban sani ba, ina jin shi ma bai raba ba. Wani lokaci barci kan danne Numeriyus sai an yi kira na biyu. Ba a taɓa kaiwa na uku ba.

Shekaru sun tafi a haka. Gashin Seppiyus ya yi fari, hannun dama bai sake miƙewa sosai ba, muryar ce kawai ba ta tsufa ba.

Yau da safe ina jiƙa rama na ji kiran farko. Ban ɗaga kai ba. Na ji na biyu, shi ma ba a amsa ba. Sai na ajiye abin da ke hannuna.

Ƙofar a rufe take. Babu hayaƙi a saman gidan. Mai gurasa ya tsaya da kwandonsa, matan da ke hanyar rijiya suka tsaya. Duk muna kallon bakin Seppiyus. Ya ja numfashi, ƙirjin nan ya cika, ya riƙe shi. Sannan ya sake shi a hankali ba tare da sauti ba, bai yi kira na uku ba.

Ya je ya jingina tsanin Fakkiya da bangon gidan. Ya tsallako shagona.

"Mai igiya, ba ni mai tufka uku."

"Ga ƙofa can. A ɓalle ta mana."

"An hana ni ƙofa." Ya miƙo hannun hagu. "Wa zai riƙe mini?"

Na ce ni. Ya karɓi igiyar, ya bi ta da tafinsa daga wannan baki zuwa wancan, a hankali, idonsa a rufe. Sannan muka tsallaka titi.